Bashin gida a Kaduna: Nawa ƙaramin albashi zai iya ɗauka?

Daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, daga Badarawa zuwa Malali, ƙarshen shekarar haya lokaci ne da ma'aikata da yawa ba sa barci mai daɗi. Mai gida zai aiko dillali da sabon farashi, wanda bai iya ba ya nemi wani wurin. Wannan ne ya sa wasu ke tunanin gara su ci bashin banki su mallaki gida, kuɗin da suke zuba wa mai gida duk shekara ya koma biyan nasu na kansu.

Tunanin yana da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin.

Hanya mafi sauƙin kuɗin ruwa a Najeriya ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata a zuba a asusun, kuma wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi yana da damar neman bashi a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekara har 30. Shekaru da dama iyakar bashin naira miliyan 15 ce, daga baya bankin ya ɗaga ta zuwa miliyan 50.

Mutane da yawa wannan miliyan 50 ɗin suke ji su yi murna. Amma akwai ƙa'idar da ta fi ta ƙarfi: abin da za a riƙa cira duk wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar mutum ba.

A kan ruwa kashi 6 na shekara 30, kowace naira miliyan ɗaya tana cin kusan naira 6,000 a wata. Ke nan mai son miliyan 15 zai riƙa biyan kusan naira 90,000, sai albashinsa ya kai wajen 270,000 kafin a saurare shi. Mai son miliyan 50 kuwa sai yana ɗaukar kusan 900,000 a wata.

A ɗauki ma'aikacin sakatariyar tarayya da ke Kawo mai albashin naira 150,000. Kashi ɗaya cikin uku 50,000 ne, wanda zai ba shi bashin miliyan takwas da 'yan kai. Wanda yake kan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024, ko da ya cika duk sauran sharuɗɗa, abin da zai samu bai wuce miliyan huɗu ba. Duk wanda ya san Kaduna ya san wannan kuɗin ba zai sayi ginannen gida a Unguwar Rimi ko Unguwar Sarki ba. Ko fili ne, sai an nausa wajen gari, can Rigachikun ko bayan Mando, inda kuɗin mota zuwa ofis zai ci wani kason albashin.

Shekaru ma suna da tasu rawar. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma banki yana son ya gama karɓar kuɗinsa kafin nan. Idan ma'aikacin nan na Kawo ɗan shekara 45 ne, shekara 15 ta rage masa, sai bashin ya sauko ƙasa da miliyan shida. Abin takaicin shi ne yawancin mutane ba sa fara neman gida gadan-gadan sai yara sun girma, ciki da falo ya yi musu kaɗan, lokacin kuma shekarun sun ja.

Bankunan kasuwanci fa? A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Bashin miliyan 10 a kan ruwa kashi 25, ruwan kaɗai ya haura naira 200,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan ƙofar a rufe take.

Takarda kafin kuɗi

Ko albashi ya isa, banki ba ya karɓar gida jingina sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, kuma jinginar da fili a birni tana buƙatar amincewarsa. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye da bayar da takardun.

Nan ne gidaje da yawa na tsofaffin unguwanni ke faɗuwa. A wurare irin su Unguwar Shanu, Hayin Banki da Tudun Wada, an sha sayen gida da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ko kuma gidan gado ne da magada ba su kammala rabo ba. Gida ne mai rahusa wanda ƙaramin bashi zai iya saye, amma banki ba zai kalle shi ba. Waɗanda ke da cikakkun takardu kuma su ne masu tsada.

Akwai kuma kuɗin kafin alƙalami da mai saye zai fara ajiyewa idan bashin ya yi yawa. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda ma'aikaci ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara a asusun fanshonsa don wannan, idan ya yi wata 60 ana zuba masa. Sauƙi ne, amma daga guzurin tsufansa ake yanka.

Wanda ya samu, ya ci riba ko ya shiga uku?

Mai biyan 50,000 a wata na shekara 30 zai biya naira miliyan 18 a kan bashin miliyan takwas da ɗoriya. Jin adadin kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja da baya. Sai dai kuɗin watan ba ya canzawa, naira kuwa tana canzawa. Mafi ƙarancin albashi 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Wanda ya ci irin wannan bashin shekara goma da suka wuce, abin da ake cire masa a yau bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da hayar maƙwabcinsa. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari kamar 2024, ruwa kashi 6 tamkar tallafi ne.

Hatsarin yana shekarun farko. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kashi biyu cikin ukun da ya rage shi ne zai ɗauki abinci, kuɗin makaranta, magani, wuta da buƙatun 'yan uwa. Rashin lafiya ɗaya ko jinkirin albashi na iya jefa mutum cikin bashi kan bashi. Kuma tun 2017 Kaduna tana da dokar jinginar gidaje da ta tsara yadda mai bayar da bashi zai sayar da gidan idan aka kasa biya.

Ga mutane da yawa a arewacin birnin ma, maganar ba ta kaiwa ga lissafi, domin ba za su taɓa bashin da ke da ruwa ba komai ƙanƙantarsa. Bankin Jaiz, wanda Kaduna na cikin garuruwa ukun da ya fara buɗe rassa a 2012, yana sayar da gida ta hanyoyin da Musulunci ya yarda da su, amma shi ma sai ya auna albashi kafin ya amince.

Shi ya sa har yanzu mafi yawan ƙananan ma'aikata tsohuwar hanya suke bi. A sayi fuloti da kuɗin adashe ko bashin ƙungiyar gama-kai ta ofis, a buga bulo bana, a kai linta baɗi, a jira kuɗin kwano. Da an rufa ɗaki biyu sai iyali su tare, sauran ginin ya jira wani adashen.