Makewayin jirgin ruwa da lafiyar mutanen bakin Kainji

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021, maganar da aka fi yi ita ce rigar kariya da lodin da ya wuce kima. Ba na musun muhimmancinsu. Amma akwai tambayar da kunya ke hana mu yi: ina fasinja zai kewaya a tafiyar sa'o'i tsakanin Shanga, Yauri da Ngaski?

Inda aka yi makewayi a jirgin katako, galibi rami ne a baya, kai tsaye cikin ruwa. Fitsarin da ya kauce wa ramin yakan gangara ya gauraya da ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi. Tushen warin ke nan, kuma turare ba ya kashe shi sai an kwashe ruwan, an wanke katakon.

Wari ma da sauƙi. Ƙwan tsargiya ta fitsari yake shiga tafki, ƙwayar ta hayayyafa cikin katantanwa, ta fito ta huda fatar yaran da ke wanka a gaɓa.

A ganina gyaran bai fi ƙarfinmu ba: bokiti mai murfi, a riƙa barbaɗa toka, a kuma gina masai a kowace tasha inda za a juye. Shugabannin masu jirage su duba shi kafin jirgi ya tashi.