Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Dajin Ingila

Da na gaya wa Yaya ta waya cewa gobe zan shiga daji, salati ta fara yi. "Daji kuma? Kai da muka samu ka yi nisa da wannan fitina, me ka ajiye a daji?" Ban ga laifinta ba. A wajenmu yanzu in aka ce daji, Rugu da Kamuku ke faɗo wa mutum a rai. Ƙanena da ke gefenta kuwa dariya ya ƙyalƙyale da ita, wai ina Ingila ta ga daji, ƙasar da masana'antu suka cinye aka shafe sauran da siminti. Washegari, a ƙarshen watan Oktoba, na hau bas daga Nottingham zuwa ƙauyen Edwinstowe, tafiyar kimanin kilomita 30, inda ragowar dajin Sherwood yake.

Maganar ƙanena rabinta gaskiya ce. Bishiyoyi sun rufe kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na Ingila, Birtaniya gaba ɗaya kuma kashi 13, alhali a Faransa abin ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Inda ya kauce shi ne ɗora wa masana'antu laifin. A 1086, lokacin da Sarki William ya sa aka ƙididdige dukiyar ƙasar a kundin Domesday, dajin bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Gatarin manomi da bakin tumaki sun gama aikinsu tun kafin a san injin tururi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya faɗi zuwa kashi 5, har gwamnati ta tsorata ta kafa hukumar gandun daji a 1919. Wato yau dajin ya ninka na shekara ɗari da suka wuce. Sai dai yawancin dashen farko na hukumar bishiyoyi ne masu ganye kamar allura, masu saurin girma, don katako. Tsohon daji mai faffaɗan ganye, wanda yake nan tun kafin 1600, bai kai kashi 3 cikin 100 na Birtaniya ba.

Ni ma da tawa jita-jitar na je. Na ɗauka zan tarar da ƙurmi mai duhu wanda rana ba ta ratsawa. Sai ga sarari, ƙasa mai rairayi, ciyayi, tsofaffin bishiyoyin ok a warwatse, da shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a tsakani. Ashe kalmar Turancin da muke fassarawa da daji, a dokar sarakunan Norman ma'anarta gandun farautar sarki, ko da bishiya ko babu. Cikin Sherwood na da akwai ƙauyuka da gonaki da makiyaya, sai dai talakan da ya kashe barewar sarki yana iya rasa ransa ko a nakasa shi. Takardar yarjejeniyar daji ta 1217 ce ta soke wannan hukunci, ta kuma tabbatar wa masu 'yanci haƙƙin kiwo da amfani da itacen filayensu.

Ganye kuwa na ta zuba, ja da ruwan ɗorawa, har takalmi na nutsewa. Baƙi da yawa na ɗauka bishiyoyin ciwo suka kamu da shi. Jita-jita ce. Kuka ma tsirara take kwana da rani don tattalin ruwa, ok da 'yan uwanta sanyi da ƙarancin hasken rana suke gudu, su sake toho a Afrilu da Mayu. Ciwon gaske yana nan daban: wata cuta ta kashe miliyoyin bishiyar elm tun daga ƙarshen shekarun 1960, wata kuma da aka tabbatar a 2012 tana kan cin bishiyar ash.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen da kowa ke yi, cewa Bature ya adana dajinsa ne saboda ba ya taɓa shi. Wannan ba haka yake ba. Galibin tsofaffin dazuzzukan Ingila sun kai yau ne saboda ana sare su. Akan sare bishiya kamar hazal daga gindi cikin hunturu, a bar kututturen a ƙasa. Da bazara sai ya fitar da sanduna goma ko ashirin. Bayan shekara bakwai ko goma a dawo a sake sara, kuma daji kashi-kashi ake raba shi, bana a sare nan, baɗi can. Daga nan ake samun itacen girki, gawayi, sandunan shinge, ga ɓawon ok da majema ke jima da shi kamar yadda namu ke yi da bagaruwa. Kututturen da ake yi wa haka yakan fi bishiyar da aka ƙyale tsawon rai. Dajin da ke kawo kuɗi ba a mayar da shi gona, shi ya sa ya tsira. Da kwal da ƙarfe da roba suka kashe kasuwar aka daina saran, sai inuwa ta rufe ƙasa, furanni da malam-buɗe-littafi suka ja baya. Yau ƙungiyoyin kare daji da kansu ke tara masu aikin sa kai su yi saran. Manomin Maraɗi da ke barin tohon kututture a gonarsa yana rage shi yana reno, in ya zo nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A gefen hanya na ga wani reshe ya faɗi, kaurinsa ya kai turmi, ya bushe ƙayau. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na ce a raina wannan ai girkin wata guda ne ake bar wa ruɓa. Na tambayi wani dattijo mai rigar ma'aikatan wurin ko ba su da masu kwashewa. Ya sa ƙafa ya ɗan ɗaga ɓawon, sai ga ƙwari baƙaƙe masu sheƙi suna gudu, ga farin zare-zare na naman kaza ya ratsa itacen. Ya ce da gangan ake barinsa. Akwai ƙwari da gizo-gizo a Sherwood da ba sa rayuwa sai cikin ruɓaɓɓen tsohon ok, tsuntsaye kuma da su suke ci. Ɗaukar itacen ba izini sata ce a doka. Abin da wata doka ta 1968 ta yarje wa mai yawo shi ne tsinkar 'ya'yan itace, ganye, fure da naman kaza don amfanin kansa, ban da sayarwa, kuma a wurare masu kariya irin wannan ko shi ana iya hanawa. Ni dai ko an ba ni kyauta ba na cin laimar kwaɗin da ban sani ba, domin akwai wata mai ɗan kore-kore a ƙarƙashin ok da guda ɗaya ke iya lalata hantar babban mutum.

Sai Robin Hood, wanda sunansa ke kan kowane shago a Edwinstowe. An ce ɗan fashi ne mai ƙwace wa attajirai ya ba talakawa, kuma yakan ɓuya da mutanensa a kogon wata tsohuwar bishiyar ok da ake kira Major Oak. Bishiyar na gan ta da idona: gindinta ya kai mita 10 a kewaye, rassanta na kan tokare kamar tsohuwa da sanduna, an kuma yi mata shinge tun shekarun 1970 saboda ƙafafun baƙi na danƙare ƙasar saiwoyinta. Ana ƙiyasta shekarunta tsakanin 800 da 1,000. To in Robin ya rayu wajen 1200 kamar yadda ake nunawa a fim, lokacin ba ta tsufa har ta yi kogon da zai ɓoye ƙato ba. Sunan ma ba girmanta yake nufi ba, na Manjo Hayman Rooke ne, sojan da ya yi rubutu a kanta a 1790. Shi kansa Robin ba a samu shaidar da ta tabbatar da mutum guda mai wannan labari ba. Sunansa ya fito a rubuce wajen 1377, wasu tsofaffin waƙoƙin kuma a Barnsdale ta Yorkshire suka ajiye shi. Tatsuniya ce mai daɗi da ke ciyar da ƙauye, musamman tun da mahaƙar kwal ta Thoresby da ke daf da shi ta rufe a 2015.

Wani abokina ya taɓa ce mini a Ingila ko'ina kana iya ratsawa. A Sikotilan ne doka ta 2003 ta ba da wannan 'yanci mai faɗi. A Ingila dokar 2000 ta buɗe kimanin kashi 8 cikin 100 na ƙasar kawai, sauran na masu shi ne. Abin da ake da shi shi ne hanyoyin ƙafa na gado, kamar burtali, masu ratsa tsakiyar gona, kuma mai gona ba shi da ikon toshe su. Ka bi alamar kibiya, ka bar ƙofa yadda ka same ta.

Tsoron Yaya fa? Kerkeci ya ƙare a Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak, ɗan ƙarami mai gudun mutane, kuma rabon da saransa ya kashe wani a Birtaniya tun 1975. Shanu sun fi shi ɓarna: kusan kowace shekara sukan tattake masu yawo har lahira, musamman wanda ya ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta yana jan kare. Sai kaska, wadda barewa ke yaɗawa cikin ciyayi, ƙarama kamar ƙwayar riɗi, tana iya sa cutar Lyme. In ka je, ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka dawo gida ka duba bayan gwiwa da hammata. In ka ga jan zobe yana faɗaɗa a inda ta cije ka, ka je wajen likita, kada ka jira zazzaɓi.