A Sa Wa Sanarwa Rana Tun Kafin Ruwa Ya Iso Haɗejiya

Duk wanda ya san aikin jarida ya san ba kowane labari ne ake rubutawa ranar da zai fito ba. Akwai wanda akan shirya tun da wuri, a gyara shi, a ajiye, a sa masa ranar fita. Haka aka saba tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, lokacin da marigayi Alhaji Abubakar Imam yake edita, domin takardar da aka buga yau ba yau za ta kai hannun mai karatu a garuruwa masu nisa ba. Yanzu kuwa na'ura ta sauƙaƙa abin ƙwarai. Ma'aikaci yana iya rubuta saƙo a kwamfuta ko a wayar hannu, ya zaɓi rana da sa'a, saƙon ya fita da kansa ko da shi yana barci. Abin tambaya shi ne, wa ya fi bukatar wannan dabara? A ganinmu, mutanen fadamar Kogin Haɗejiya suna sahun gaba.

Dalili kuwa shi ne, ruwan wannan kogi ya daɗe da barin bin lokacinsa na asali. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda yake bi ta Wudil da Ringim kafin ya iso ƙasar Haɗejiya ya rarrabu cikin fadamu har zuwa Nguru. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan biyu suna riƙe da ragamar kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga kogin. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da su. Watau ke nan, wani ɓangare babba na ruwan da manomin Auyo ko na Guri yake jira, a ofis ake yanke shawarar ranar sakinsa. Abin da aka yanke a ofis kuwa ana iya sanar da shi tun kafin ya auku.

Sai a dubi yadda shekarar mutumin fadama take tafiya. Mai shinkafa yana so ya yi shuka da ruwan sama, ta kama ƙasa ta yi tsawo kafin ambaliya ta shigo wajen Agusta da Satumba. In ruwan kogi ya riga shi, ya shanye shukar tana ƙarama. In kuma ya yi jinkiri ainun, ta bushe a tsaye. Mai alkama yana bukatar sanyin hunturu, don haka shukarsa ba ta son wuce Nuwamba ko farkon Disamba. Masu tattasai da albasa da tumatir suna bin sawun ruwa yayin da yake janyewa, su haƙa rijiyoyin burtsatse, su kafa injinan ban ruwa a gaɓa. Ruwan da aka saka da rani ba tare da sanarwa ba yana iya cinye waɗannan gonaki cikin dare ɗaya, har da injin da aka ci bashi aka saya. Masunta da makiyaya su ma kowa da nasa lissafin, kuma sau da yawa inda lissafin wani ya ci karo da na wani nan rigima take tashi.

Ba a ce babu sanarwa ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ita kuma hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari. Amma ana yin bikin fitar da su ne sau ɗaya a Abuja, cikin Turanci, watanni kafin ranar da manomi zai yi aiki da su. Gargaɗin da aka yi a Fabrairu ko Afrilu, kafin Agusta an manta da shi. Wanda kuma aka yi bayan ruwa ya shigo gari, kamar yadda jama'ar Jigawa suka ga ɓarnar ambaliya a 2020 da 2022, ya zama ihu bayan hari.

To, a nan ne sa wa saƙo rana yake da amfani. Jami'in gona ko na watsa labarai yana iya zama da rani, lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya yanyanka wancan dogon hasashe zuwa gajerun saƙonni da Hausa, da Fulatanci da Barbarci inda ake bukata, ya jera su bisa kalanda: wannan ya fita makonni biyu kafin shuka, wancan lokacin gyaran jinga, wancan kuma gab da girbi. Sa'a ma tana da nata muhimmanci. Saƙon rediyo da ya fita da hantsi, manomi yana gona, bai kai wanda ya fita bayan sallar Magariba ba. Wanda ya riga ranar kasuwar Gujungu da kwana ɗaya zai bazu a bakin fatake fiye da inda rediyo take kaiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai tarko, kuma wajibi ne ɗalibai masu shirin shiga wannan aiki su lura da shi. Na'ura ba ta leƙa sama, ba ta zuwa bakin kogi. Saƙon da aka rubuta a Maris cewa a fara shuka ran kaza zai fita ran nan ko da ruwa bai sauka ba, sai fa in wani ya tsayar da shi. Saboda haka kowane saƙo yana bukatar mai shi, wanda zai sake duba shi kwana biyu ko uku kafin fitarsa, da kuma wanda zai gaje shi in an yi masa canjin wurin aiki. Har wa yau, ba kowane ruwa ne yake da jadawali ba. Idan tafkin Tiga ya cika ya batse, ruwa yakan bi ta mafitar da aka gina masa ba tare da jiran umurnin kowa ba. Irin wannan sanarwa ta gaggawa ce. Abin da za a iya yi tun da wuri shi ne a rubuta ta a ajiye, a bar gurbin kwanan wata, a kuma tanadi lambobin hakimai da dagatai da masu unguwanni.

Kacala ma ta ƙara dagula lissafin. Tun da ruwa ya koma gudana har da rani domin birnin Kano da gonakin ban ruwa, wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta karkatar da shi zuwa inda ba a zata ba, musamman wajen mashigar Marma. Ruwan da aka saka daga Tiga yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, amma yawan kwanakin da kuma gonar da zai fara shiga sun danganta da inda aka share da inda ba a share ba a wannan shekara. Don haka kafin a kulle jadawalin bana, sai an ji daga bakin sarakunan ruwa da masu aikin share kacala a Kirikasamma da Guri.