Tsohuwar Taya a Kwaɓin Siminti: Abin da Take Ƙarawa da Abin da Take Ragewa

Daga Maraɗi har Katsina, duk tashar motar da kuka leƙa za ku tarar da tsofaffin tayoyi jibge a bayan rumfar mai faci. Wasu a yi takalmi da su, wasu su ƙare a wutar babbaka, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. A duniya kuwa ana zubar da taya wajen biliyan 1 duk shekara. Shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna gwajin niƙa ta, a zare wayar ciki, a zuba garin robar a kwaɓin siminti madadin wani kaso na yashi ko tsakuwa.

To, me ake samu? Kankaren yana rage nauyi, yana tare zafi da ƙara, kuma idan ya sha duka ba ya tarwatsewa farat ɗaya, sai dai ya tsage yana riƙe da jikinsa. Amma fa ƙarfinsa na ɗaukar kaya yana faɗuwa, kuma yawan robar, yawan faɗuwar. A binciken da Eldin da Senouci suka wallafa a 1993, da aka maye gurbin tsakuwa gaba ɗaya da roba, raguwar ta kai kashi 85 cikin 100.

Dalilin ba boyayye ba ne. Roba taushi gare ta, idan nauyi ya danno sai ta lotsa ta bar siminti da aikin shi kaɗai, tamkar rami ne a wurin. Sannan ba ta shiri da ruwa. Kwaɓin ba ya kama jikinta yadda yake kama yashi, iska na maƙalewa a tsakaninsu, kuma daga wannan gaɓar tsaga take farawa. Wasu kan jiƙa robar a ruwan soda, irin ta masu sabulu, don jikinta ya yi kaushi.

Nan ne maganar nano ta shigo. Nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan, kun ga ke nan ƙura ma ƙatuwa ce a gabansa. Wanda aka fi gwadawa shi ne garin silika mai wannan laushi. Yana cike ƙananan kofofin da ke kewaye da robar, kuma yana haɗuwa da sinadarin farar ƙasa da siminti ke saki yayin daskarewa, su zama ƙarin abin da ke ɗaure kankare. Kaɗan ake sawa, galibi kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin siminti. In aka zarce ko aka gaza gauraya shi, sai ya dunƙule kamar gari a ruwan zafi, ya shanye ruwan kwaɓi, a koma gidan jiya. Ga tsada kuma.

Ni dai a nawa ganin, a nan ake yawan zuzuta labarin. Silikar na dawo da wani ɓangare na ƙarfin da ya tafi, musamman idan robar kaɗan ce. Idan ta yi yawa, ba ta iya biyan bashin duka.

Don haka malam magini, wannan kwaɓi na daɓen tsakar gida ne, da hanyar masu tafiya a ƙasa, da shingen gefen titi, da bangon da ba ya ɗauke da komai. Ginshiƙi da dakin na bene kuwa, kada a kusance su da shi sai injiniya ya zuba samfuri, ya kwana 28, an matse shi a na'ura an ga abin da zai iya ɗauka.