A Kan Keke Daga Birnin Konni Zuwa Ƙasar Adar

Wanda ya shiga motar haya a tashar Birnin Konni za shi Tawa, cikin awa biyu ko uku ya isa. Abin da zai gani ta taga bai wuce jan dutse, karan gero da teburan masu shayi ba. Alhali kuwa a wannan yanki, dama da hagun kwalta, akwai mahaifar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, akwai masallacin ginin ƙasa da sunansa ya zaga duniya, akwai fadar Sarkin Adar, ga kuma gonakin da suka mutu aka tashe su da hannu. Direba ba zai tsaya ma fasinja a ko ɗaya ba. Mai keke kuwa birkinsa na hannunsa.

Keke ba baƙo ba ne a gundumomin Konni, Malbaza da Illela. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai manomin rani lambu da asuba, a kariyarsa ake ɗaure jarkar ruwa da damin harawa. Abin da bai yaɗu ba shi ne a hau shi don ganin ƙasa kawai. Hanyar kuma a shimfiɗe take. Babbar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai za ta Damagaram, ta ratsa Konni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi. A Tsarnawa, kimanin kilomita 15 gabas da Konni, wata ta ɓalle ta yi arewa zuwa Tawa ta Gidan Idar da Badagishiri. Daga jikin waɗannan biyu ne hanyoyin burji ke shiga ƙauyuka. Mai keken gida, ba na tsere ba, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa guda, don haka 'yan kwanaki sun isa a zaga ba tare da an wahalar da jiki ba.

Konni: garin da ya ga wuta

Ranar farko ta Konni ce da kewayenta. Tsohon birni ne mai ganuwa a da, wanda rundunar jama'ar Shehu ta ci a 1804. Amma ranar da ba ta fita bakin dattawa ita ce ta watan Mayun 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya faɗa ma garin, ya kashe ɗimbin jama'a, ya cinna wuta. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya naɗi muryoyin jikokin waɗanda abin ya rutsa da su. Baƙon da ya jingine kekensa a tsohuwar unguwa, ya gaida mutane yadda ya kamata, zai iya samun mai nuna masa wuraren da ake dangantawa da wannan ta'asa.

Ba nisa da gari akwai Masallata, ƙauyen da ya yi suna da bikin arwa na shekara-shekara, inda masu riƙe da al'adar gargajiya ke faɗin hasashensu kan damina mai zuwa.

Daga nan sai gandun noman rani, wanda ya fi ko'ina daɗin tuƙi. Filin ya kai kadada 2,452, an shimfiɗa shi kashi biyu, a 1976 da 1982, kuma ruwansa na zuwa ne daga madatsun Mozage da Zango da ke kan kwarin Maggiya, ya biyo doguwar hanyar ruwa zuwa matattarar Cerasa. A 'yan shekarun nan an gyara shi da tallafin hukumar MCC ta Amurka. Hanyoyin da ke bin gefen magudanan shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa babu gangara. A tsakiyar rani, lokacin da dajin waje ya bushe ƙurmus, nan sai kore: albasa, kabeji, tumatir da masara, da manoma tsugune suna buɗe bakin kwami da fartanya.

Gabas: siminti, albasa da Marata

Kwana na biyu a nufi gabas. Tun daga nesa ake hango masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960. Dutsen da take niƙawa shaida ne cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku marar zurfi ta taɓa rufe wannan ƙasa, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa da ya koma dutse a tuddan Adar. A Malbaza ne kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a 2018.

Galmi kuwa hanci ke fara sanar da ita. Albasa 'yar Galmi, mai launin shunayya da kaifin ɗanɗano, ita ake lodawa a manyan motoci zuwa Ghana, Kodibuwa da sauran kasuwannin bakin teku. Daga kan keke ana ganin rudu, rumbun karan da manomi ke ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Garin yana da asibitin mishan na SIM da aka buɗe a 1950, wanda marasa lafiya ke zo masa har daga Najeriya.

A wannan yanki na Galmi ne Marata take, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754, zamanin ƙasar na hannun Gobir, kafin iyalinsa su koma Degel. Ɗalibin da ya karanta tarihin Daular Sakkwato a aji, ya zo ya tsaya a nan da ƙafarsa, zai gane cewa iyakar da Turawa suka shata tsakanin Nijar da Najeriya ta raba labari guda ne gida biyu.

Arewa: aikin Falke Barmu

Hannun arewa ya fi tsawo, ya fi hawa da sauka, ya kuma fi lada. Kafin a kai Badagishiri akwai ƙauyen Yama. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magininsu, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na jan ruwa, wasu na kawo itace. Ginin farko mai sauƙi ne, ɗaki mai ginshiƙai da rufin azara. A 1975 ya sake rufin, ya ɗaure shi da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga baya ya tada hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, suna siririncewa yayin da suke hawa sama. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Wanda ya matso kusa zai ga sawun tafin hannu a jikin yaɓe, domin ginin ƙasa sai da sabon yaɓe yake jure damina.

Badagishiri wurin kwana ne mai kyau, musamman in an dace da kasuwarta ta Alhamis, mai cike da dabbobi. Daga nan hanya ta yi yamma zuwa Illela, mazaunin Sarkin Adar. Gidan sarautar yana jingina asalinsa ga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Masanin tarihi Djibo Hamani ya yi cikakken littafi a kan wannan ƙasa.

A cikin gundumar ta Illela akwai Dandaji, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou. Tsohon masallacin garin, shi ma na salon Falke Barmu, ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse. An kammala aikin, mai suna Hikma, a 2018.

A gefen waɗannan hanyoyi ne mai keke zai lura da ƙananan ramuka jere a gonaki. Tassa ke nan. A 1989 wani shiri na hukumar IFAD ya kai manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa rami a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru, gara ta huda ƙasa, gero ya tsiro. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikwaya, har fakon da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa.

Kafin a ɗaura jaka

Lokacin tafiyar shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai tashi daga Konni zai sha ta a fuska wajen tafiya, ta tura shi wajen dawowa. A fita bayan sallar asuba, a huta da hantsi ya yi zafi.

Babban abokin gaba shi ne ƙaya, musamman tsidau da ta aduwa. Masu faci na nan a garuruwan kan kwalta: a ciro tiyub, a hura, a nutsa cikin kwanon ruwa har kumfa ta nuna huda, a kankare, a shafa sholisho, a manna. A hanyar burji kuwa sai mutum ya riƙe famfonsa da kayan facinsa, da ruwan sha wadatacce. A kan kwalta a kiyayi manyan motocin siminti da na albasa, a sauka gefe in sun taso.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Yankunan kan iyaka sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. A tambayi hukuma halin da hanya ke ciki, a tafi cikin ayari, kada a yi tafiyar dare, baƙon ƙasar waje kuma ya nemi izini tukuna. In an shiga ƙauye a fara da gaida maigari, a nemi iznin liman kafin shiga masallaci ko ɗaukar hoto.

Waɗanda suka fi kusa da cin moriyar wannan hanya su ne 'yan ƙasar kansu: ɗaliban sakandare a hutun Disamba, ƙungiyoyin samari, malaman tarihi. Abin da ake buƙata daga ma'aikatun magajin gari kaɗan ne: allunan kwatance a mararrabar Yama da ta Marata, taswira mai nuna rijiyoyi da masu faci, da horar da samari biyu ko uku a kowane gari da za su riƙa yi wa baƙi jagora a biya su.