Kalmomi Masu Tafiya Tare: Inda Ɗaliban Ƙaura Namoda Ke Tuntuɓe a Turanci

A kowane harshe akwai kalmomin da suka saba zama kusa da juna, ta yadda mai harshen zai ji bambaraƙwai idan aka musanya ɗaya da wata, ko da kuwa ba a karya dokar nahawu ba. Masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, shi ya fito da muhimmancin wannan al'amari a shekarun 1950, inda ya nuna cewa ana gane kalma ne daga abokan tafiyarta. Wannan abota ta kalmomi tana cikin abubuwan da ke ba ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda wahala, domin ɗalibin da ya zo daga Zurmi ko Shinkafi yakan iso da tarin kalmomin Turanci a ka, amma ya koye su ne ɗaiɗai, kowace da fassararta ta Hausa.

Tushen matsalar yana cikin wadatar Hausa kanta. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani da taba da iska da wahala, kuma duk aikatau ɗaya ne ke ɗauke da wannan kaya, alhali Bature ya raba shi tsakanin "drink" da "take" da "smoke" da "suffer". Ɗalibin da aka koya wa cewa "sha" daidai yake da "drink" ba shi da laifi idan ya rubuta "drink medicine", don kuwa bin abin da aka ba shi ya yi. Aikatau "ci" ma ya fi haka faɗi, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna: ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, kasuwar Shinkafi kuma tana ci ranar Alhamis, kuma babu ɗaya cikinsu da "eat" zai iya ɗauka. Haka "ji" ya haɗa sauti da wari da yunwa da fahimtar harshe, shi ya sa ake samun mai cewa "I hear English" yana nufin yana jin Turanci.

Wata ɗabi'ar kuma ita ce maƙalewa ga 'yan aikatau kaɗan da ɗalibi ya amince da su, musamman "do" da "make", waɗanda Hausa ta haɗe cikin "yi", har ya rubuta "do a mistake" a inda Bature ke cewa "make".

Ba duk irin wannan haɗi ne jama'a ke ɗauka kuskure ba, domin Turancin Nijeriya yana da nasa salon, wanda David Jowitt ya nazarta a littafinsa na 1991, kuma wasu maganganun sun zauna daram a kasuwa da tasha. Sai dai masu duba jarrabawar WAEC da NECO da daidaitaccen Turanci suke aiki, don haka abin da ya wuce lafiya a tashar mota yana iya jawo asarar maki. Malamin da ya rubuta "take medicine" a allo a matsayin abu guda, maimakon "medicine" ita kaɗai, ya rage wa ɗalibi aikin laluben abokiyar tafiyarta, kuma irin wannan jeri ne ƙamusun Oxford na kalmomi masu tafiya tare, wanda ya fara fitowa a 2002, ya tattara.