Mai Bindiga da Baƙon da ke Neman Ceto

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami ƙauyen da babu bindigar toka a rataye a ɗakin wani. Don birai da gyado masu ɓarna a gona aka saye ta. To, a ce kana komowa daga gona da ita a kafaɗa, sai ka ji ihu: 'yan fashi sun tare motar 'yan kasuwa, mutanen da ba ka san ko ɗayansu ba. Za ka shiga, ko za ka wuce? In za ka shiga, har ina za ka sa ranka?

Doka dai ba ta hana ka taimako ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kāre kowane mutum daga farmaki, ko danginka ne ko baƙo. Amma ƙarfin ya zama daidai da abin da ake bukata. Korar maharin da ya riga ya gudu, ko ɗaukar fansa, ba kāriya ba ce. Bindigar kuma sai da lasisi.

Mun ga abin da talakawa masu makami ke iyawa. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka ci Mubi, har suka sāke mata suna. Cikin Nuwamba maharba da 'yan banga suka haɗa kai da sojoji, aka ƙwato garin. Da yawa cikin maharban nan sun yi yaƙi ne domin mutanen da ba su taɓa gani ba. Amma mu lura: ba su tafi ɗai-ɗai ba. Suna da shugabanni, sun san dajin, hukuma kuma ta san da su. Duk da haka, a yaƙe-yaƙen shekarun nan akwai maharban da ba su komo wurin iyalinsu ba.

Sai mutum ya san abin da ke hannunsa. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sa'an nan a tsaya a sāke ɗura ta. In ruwa ya jiƙa albarushi, ta zama sanda. Bindigar AK-47 da mahara ke riƙewa tana cin harsashi 30, tana kuwa kaiwa nesa ƙwarai. Wanda ya tasam ma irin waɗannan shi kaɗai bai ceci kowa ba, ya ƙara yawan gawa ne, ya bar mace da marayu da gonar da ba mai nomewa.

Akwai wani haɗari kuma. Cikin ruɗani ba a rarrabe mai ceto da mahari, gama dukansu da bindiga ake ganinsu. A Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan banga suka tare wata mota, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Jama'a suka kashe matafiya 16, ashe maharba ne masu komawa Kano. Waɗanda suka yi wannan suna tsammani garinsu suke kārewa. Kada ka harbi wanda ba ka tabbatar da laifinsa ba, kada kuma ka bayyana da makami inda ba a san ka ba.

Babban ceto ma ba kullum da harsashi yake zuwa ba. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 da suka gudo, waɗansu a gidansa, waɗansu a masallaci. Ya tsaya gaban maharan, ya ƙi ba da su. Ya sa ransa ƙwarai, amma a wurin da sa ran yake da amfani.

Ma'aunin ke nan. Wajibi ne a kanka ka yi kururuwa, ka kira jami'an tsaro, ka nuna wa masu gudu hanya, ka buɗe musu ƙofa, ka ɗauki mai rauni. Tsayawa da bindiga kuwa sai in kuna da yawa, kun ga maharin sarai, tsayawarku kuma za ta ba mutane zarafin tsira. Da zarar sun tsira, ku janye.

Kada a bari sai ranar ta zo. A taronku na gaba ku gayyaci mai unguwa da sarkin baka, ku shirya wanda zai buga ƙararrawa, da wanda zai kira 'yan sanda, da inda za a kai mata da yara. Ku kuma yanke shawara tun yanzu a kan wanda zai nome gonar ɗan ƙungiyar da ya ji rauni wajen ceton wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.